Yadda Ake Koyar da Girman Ƙwaƙwalwar Jariri da Muhawarar Gado da Reno ga Ɗaliban Saikoloji a Legas

Ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam kan shigo wannan darasi da amsarsu a aljihu. Tun malam bai buɗe baki ba, rabin aji sun yanke hukuncin cewa hali gado ne, sauran kuma sun tsaya a kan tarbiyya. Aikinka shi ne ka raba su da tambayar "wanne ya fi ƙarfi", ka ba su wadda ta fi ta amfani: ta yaya gado da reno suke aiki a kan juna, kuma a wane lokaci na rayuwar yaro? Tsarin nan na malamin da ke karantar da 'yan shekarar farko ko ta biyu ne, a jami'a irin ta Akoka ko ta Ojo, ko a kwalejin ilimi, ko a zaman bita da ɗalibanmu 'yan Arewa kan haɗa a Agege ko Idi-Araba idan jarrabawa ta matso. Zai ci zama biyar zuwa shida, gwargwadon yawan ajin.

Abu ɗaya ake yi tun mako biyu kafin a fara. Ka sayi wake gwangwani guda a kasuwa, ka gauraya shi sosai, ka raba biyu. Rabi a shuka a bokitin da ke da ƙasa mai taki, rabi a bokitin yashi zalla, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Ka ɗora wa wakilin aji kula da su, kada ka faɗi dalili.

Mataki na farko: bari su yi gardama

Ka raba allo gida biyu. A dama ka rubuta "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" da "Hali zanen dutse". A hagu ka rubuta "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" da "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai". Ka nemi Yarabawa da Ibo da sauran 'yan ajin su kawo nasu karin maganar, su fassara. Da wuya a rasa ƙabilar da take da duka ɓangarorin biyu, kuma ɗalibai da kansu za su lura da haka. Wani zai kawo hadisin da ya ce kowane jariri ana haihuwarsa a kan fiɗira, iyayensa ne ke juya shi. Ka karɓa, ka tambayi ajin a wane gefen allo za a sa shi. Za su ga ya taɓa duka biyun.

Sai kowa ya ɗauki 'yar takarda ya rubuta kashi nawa cikin 100 na basirar mutum yake ganin gado ne. Ka tattara ka ajiye.

Tarihin muhawarar kada ya wuce minti goma. John Locke a 1690 ya ce zuciyar jariri farar takarda ce. Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, shi ya yayata jera gado da reno a matsayin kishiyoyi a 1874. John Watson kuwa a shekarun 1920 ya bugi ƙirji cewa a ba shi jarirai goma sha biyu masu lafiya, zai mayar da kowanne likita ko lauya ko ɓarawo yadda ya ga dama. Kada ka ɓoye musu cewa Galton ɗin nan shi ya kafa aƙidar tace iri a 1883, wadda daga baya aka fake da ita aka hana dubban mutane haihuwa da ƙarfi a Amurka da Jamus. Gara su san tun farko cewa wannan gardama ta taɓa cin mutane.

Mataki na biyu: igiyar shekaru

Ka ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan. Farkonta ranar shigar ciki, ƙarshenta shekara 25. Ka rubuta kowane abu a kati daban, ka rarraba, ɗalibai su rataya inda suke zato, sannan ka gyara musu.

Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Shi ya sa ake so mace ta fara shan folik asid tun kafin ta ɗauki ciki. Ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwa mai nauyin giram 350 zuwa 400, kusan kwatan ta babba, kuma da mafi yawan ƙwayoyin jijiyar da zai rayu da su, waɗanda a babba suka kai kimanin biliyan 86. Zuwa shekara 3 girmanta ya kai wajen kashi 80 cikin 100, zuwa shekara 5 ko 6 ya kai 90. To me ke ƙaruwa idan ƙwayoyin sun riga sun samu? Ka jefa musu wannan tambaya ka yi shiru. Amsar ita ce rassa, da mahaɗu tsakanin ƙwayoyin, da rigar kitse mai suna miyelin da ke lulluɓe jijiya don saƙo ya yi sauri. Cibiyar nazarin yara ta Jami'ar Harvard ta ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla sababbin mahaɗu sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne ragewa. Peter Huttenlocher ya ƙirga mahaɗun a 1979 ya gano ɗan shekara biyu ya fi babba yawansu. Ƙwaƙwalwa tana ƙulla fiye da buƙata, sannan ta riƙe wanda ake amfani da shi, ta sauke wanda aka yi watsi da shi. Don su gani da ido, ka tsayar da mutum goma a da'ira, ka haɗa kowa da kowa da zaren ulu. Ka riƙa kiran sunaye uku ko huɗu kaɗai, su riƙa jan zarensu. Bayan minti biyu ka bi da almakashi ka datse duk zaren da ba a ja ba. Daga nan ka tambaye su: abin da ya rage, gado ne ya tsara shi ko reno? Gado ya shimfiɗa zaren, abin da yaro ya gani ya ji shi ya zaɓi wanda zai tsira. Katin ƙarshe shi ne sashen goshi, mai kula da tsari da danne zuciya, wanda ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Mataki na uku: gwajin kunne

A nan Legas ta ba ka abin da malamin Landan ba shi da shi, wato aji mai harsuna barkatai. Ka sa Bahaushe ya juya baya ya riƙa faɗin "kafa" da "ƙafa", "bata" da "ɓata", "dari" da "ɗari" a cakuɗe, waɗanda ba su tashi da Hausa ba su rubuta wanne suka ji. Sannan a juya: Bayarabe ya faɗi kalmomi masu sautin "gb", irin na sunan Igbo-Ora, Hausawa su maimaita. Za a yi dariya, ka bari a yi. Idan an natsu ka kawo binciken Janet Werker da Richard Tees na 1984: jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe sautukan harsunan da ba su taɓa ji ba, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kowa a ajin an haife shi da kunnen duka harsunan nan, gidan da ya tashi ne ya zaɓar masa. Shi ya sa yaron da aka haifa a Agege yake juya Hausa da Yarabanci da Burokin ba gargada, mahaifinsa kuwa da ya zo daga Katsina da gemunsa har yau ana gane shi da ya buɗe baki.

Ka ƙara da aikin Patricia Kuhl na 2003. Jarirai 'yan wata 9 a Amurka da aka zaunar da su da mai jin Sinanci ido da ido sun riƙe sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyon mutumin ba su riƙe komai ba. Duk ɗalibar da take miƙa wa ɗanta waya don ya koyi Turanci za ta ji wannan a jikinta.

Ido ma yana da irin wannan lokaci nasa. David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa a watannin farko, da aka buɗe idon lafiyarsa ƙalau amma ba ya gani, domin ƙwaƙwalwa ta ba ɗaya idon gurbinsa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Sun sami kyautar Nobel a 1981. Amfanin wannan a unguwa: jaririn da aka haifa da yana a ido ba a jira ya girma kafin a kai shi asibiti.

Mataki na huɗu: tagwaye da ƙimar gado

Wannan ne wuri mafi santsi, ka ba shi zama guda cur. Ka tambaya ko akwai Hassan ko Husaina, Taiwo ko Kehinde a ajin. A ƙasar Yarabawa da wuya a rasa, don yankin yana cikin waɗanda suka fi haihuwar tagwaye a duniya, garin Igbo-Ora na jihar Oyo har biki yake musu duk shekara. Amma ka fayyace cewa yawancin tagwayen nan na ƙwai biyu ne, masu raba kusan rabin ƙwayoyin gadon da mutane ke bambanta a kansu, kamar kowane wa da ƙani. Na ƙwai ɗaya su ne masu gado kusan iri ɗaya sak. Hikimar binciken ita ce: idan na ƙwai ɗaya sun fi na ƙwai biyu kama da juna a wani hali, alhali duka a gida ɗaya suka tashi, to gado yana da hannu.

Ka ba su lissafi su yi da hannu. A ce dacewar maki, wato yadda makin tagwaye ke tafiya tare a ma'aunin 0 zuwa 1, tsakanin na ƙwai ɗaya 0.85 ce, ta na ƙwai biyu 0.60. A debe, a ninka biyu, a sami 0.50. Wannan ita ce ƙimar gado, wato kashi 50 cikin 100. Binciken Minnesota da Thomas Bouchard ya fara a 1979 kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai ya sami kusan 0.70 ga gwajin basira. A 2015 Tinca Polderman da abokan aikinta sun tattara binciken tagwaye na shekara 50, suka sami matsakaicin kashi 49 cikin 100 a kan dubban siffofi. Yanzu ka fito da takardun ranar farko, kowa ya ga abin da ya rubuta.

Sannan ka rushe fahimtar da suka yi wa adadin, don na tabbata sun fahimce shi a karkace. Kashi 50 ba ya nufin rabin basirar Audu daga ubansa take, rabi daga makaranta. Yana nufin a cikin wata al'umma, a wani zamani, rabin bambancin da ke tsakanin mutane yana tafiya da bambancin gadonsu. Bai ce komai a kan mutum ɗaya ba. A nan za a shigo da bokitan wake. A cikin bokitin taki wasu sun fi wasu tsawo, kuma tunda ƙasa ɗaya ruwa ɗaya, bambancin na iri ne. Haka a bokitin yashi. Amma ratar da ke tsakanin bokitin biyu fa? Daga gwangwani ɗaya aka ɗebo su, saboda haka ƙasa ce zalla. Wannan misali na Richard Lewontin ne, na 1970, kuma shi ne maganin maganar da za ta taso ko ana so ko ba a so, cewa 'yan wani yanki sun fi 'yan wani yanki ƙwaƙwalwa tunda sun fi cin jarrabawar JAMB. Kada ka kauce wa maganar. Idan ba a warware ta a aji ba, a cikin danfo za a warware ta, kuma ba da hujja ba.

Ka rufe da Eric Turkheimer, wanda a 2003 ya gano cewa a iyalai matalauta na Amurka ƙimar gadon basira ta kusa sifili, a masu hali kuwa ta haura 0.70. A ƙasashen Yammacin Turai ba a riƙa samun wannan rata ba, kuma wannan ma darasi ne: ƙimar tana sauyawa da wuri.

Wani zai kawo labarin tagwayen Ohio masu suna Jim, da aka raba tun suna jarirai suka haɗu suna da shekara 39, kowanne ya auri Linda ya rabu da ita ya auri Betty. Ka haɗa ɗalibai bibbiyu da ba su san juna ba, ka ba su minti biyar su nemo abubuwan da suka yi tarayya. Za su fito da jeri mai tsawo, su ga cewa irin wannan kama kan zo bisa dace ko ba gado.

Mataki na biyar: inda gado da muhalli suke haɗuwa

Littattafan waje kan kawo misalin cutar PKU, cutar gado da ke lahanta ƙwaƙwalwa idan ba a sauya wa yaro abinci ba. Ka faɗe ta don jarrabawa, amma akwai wanda ya fi ta kusa da mu. Kusan namiji ɗaya cikin biyar a Najeriya yana gadon ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma akasarinsu za su rayu ba su sani ba. Amma idan aka ajiye kayan jariri mai wannan gado da ƙwallayen kafur, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, jajayen ƙwayoyin jininsa kan iya farfashewa, shawara ta yi tsanani, sinadarin bilirubin ya hau ƙwaƙwalwa ya bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Ka tambayi ajin: gado ne ya kurumtar da yaron ko kafur? Ka bar su su yi ta juyi har su gane cewa in aka cire ɗaya daga ciki, cutar ba za ta auku ta wannan hanya ba. Kuma idan an kai shi asibiti da wuri aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, sau da yawa ana tsallakewa.

Daga nan sauran misalan za su zo da sauri. A Romaniya, binciken Bukarest da Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara a 2000 ya ɗauki yara 136 na gidajen marayu, aka yi ƙuri'a aka ba rabi iyayen riƙo. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 su suka fi farfaɗowa. Ka tsaya a yi muhawara ko ya halatta a bar sauran rabin don bincike. A Kanada, tawagar Michael Meaney ta nuna a 2004 cewa 'ya'yan ɓeran da uwa ke yawan lasa suna tashi da ƙarancin firgita, kuma da aka musanya 'ya'yan, uwar riƙo suka biyo. Lasar ta sauya alamomin sinadari da ke manne da DNA, sinadarin da ke ɗauke da gado, suna kunna ƙwayar gado ko su kashe ta. Wannan fanni shi ne efijenetiks. Ka gargaɗe su: ɓera ba mutum ba ne, kada su zarce da shi.

A gida kuwa, a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta bar wasu da dama da lahanin ƙwaƙwalwa. Wani nau'in kwalli da ake ranɗa wa jarirai ma an same shi da dalma mai yawa. Ƙarancin aidin yana dakushe basira, shi ya sa aka wajabta sa shi a gishiri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Idan ka karanta wannan adadi ka nuna bokitin yashi, ba sai ka ƙara komai ba.

Kada ka bar su cikin baƙin ciki. A Kingston ta Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor ta tura ma'aikatan lafiya gidajen yara tsumburarru duk mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kimanin kashi 25 cikin 100.

Mataki na shida: su je su kalli jariri

Ka sauko da bidiyon gwajin daskararriyar fuska na Edward Tronick a wayarka tun a gida, kada ka dogara da intanet ko wutar aji. Uwa tana wasa da jaririnta, sai ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, yaron ya yi ta ƙoƙarin dawo da ita har ya fashe da kuka. A kalla sau biyu, na biyun da biro a hannu.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya sami jariri ɗan ƙasa da shekara 2 a cikin dangi ko maƙwabta, ya zauna rabin sa'a yana rubuta sau nawa yaron ya nemi hankalin wani da ido ko murya ko hannu, wa ya amsa, da wane harshe. Sharuɗɗan ba sassauci: a nemi izinin uwa da na maigida, ba hoto, ba suna, ba a gwada ɗaure fuska a kan ɗan kowa, kuma ɗalibi ba likita ba ne da zai ce wa uwa ɗanta yana da matsala. Namiji ya nemi gidan 'yar'uwarsa ko ya tafi da abokiyar karatu, don ba kowane gida ake shiga ba.

Rahotannin za su yi karo da littafi, kuma abin da ake so ke nan. Littafin ya san uwa ɗaya da ɗa ɗaya a ɗaki. Ɗalibai za su dawo da labarin goyo, da kaka, da kishiya, da 'yar shekara bakwai mai saɓe da ƙaninta, da uwar da ke kunyar ɗan fari ba ta wasa da shi a gaban mutane. Wani bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da abokansu suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa ya nuna yaro yana shaƙuwa da masu reno da dama lokaci guda. Ka sa su tambayi kansu: abin da ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata uwa ce takamaimai, ko amintaccen mai amsa masa?

Jarrabawa

Kafin ta, ka share kurakurai uku da ke yawo. Ba gaskiya ba ne cewa kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kaɗai ake amfani da shi. Kiɗan Mozart ba ya ƙara wa jariri basira, binciken 1993 a kan ɗaliban jami'a aka yi shi, tasirin ma na mintoci ne. Kuma ƙofar sauyawar ƙwaƙwalwa ba ta rufewa a shekara 3: Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa direbobin tasi na Landan, da suka haddace titunan birnin suna manya, ɓangaren baya na sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswira ya fi na sauran mutane girma.

Tambayar kuma kada ta zama "bambanta gado da reno", don haddacewa za su yi. Ka ƙirƙiri labari: tagwayen ƙwai ɗaya, uwa ta rasu, an bar ɗaya wajen gwaggo mai sayar da abinci a Mile 12, an kai ɗaya ƙauye wajen kaka. A shekara 6 sun bambanta a tsawo da magana da karatu, amma duka biyun masu saurin fushi ne. Ɗalibi ya bayyana dalilan da za su iya jawo kowane bambanci da kowace kama, ya kawo bincike biyu, ya faɗi abin da ba za a iya yanke hukunci a kansa daga yara biyu kacal ba. Ka ware maki mafi tsoka ga wannan na ƙarshe. Wanda ya ɗauka kai tsaye cewa na Legas ne zai fi, ba tare da ya tambayi wa ke hira da yaron ba, me yake ci, hayaƙin me yake shaƙa, ka rage masa, ka rubuta masa dalili a gefen takarda.